Meye "durai soket" ɗin da likitocin haƙori ke ta gargaɗi akai bayan an cire turmin ƙarshe?

Duk wanda aka taɓa cirewa turmin ƙarshe, wancan na can ƙurya da yake fitowa mutum ya riga ya girma tsakanin shekara 17 zuwa 25, to da wuya ya tashi daga kujerar likita bai ji ance masa "ka kiyaye kar ka samu durai soket" ba. Mutum kuma a lokacin baki cike da auduga, rabin fuska a sandare saboda allura, sai dai ya gyaɗa kai kawai ya fito ya tari adaidaita, bai ma san me aka ce masa ba.

Abin da ake nufi shine busasshen rami. In aka cire haƙori rami ne yake saura a cikin ƙashin muƙamuƙi, sai jini ya taru a ciki ya daskare ya zama guda, to wannan gudan jinin shine murfin ciwon, shi ke rufe ƙashi da jijiyoyi kuma a ƙarƙashinsa sabon nama ke tofowa. In ya fita ko ya narke kafin lokacinsa sai ƙashin ya zauna a buɗe, iska ta taɓa, ruwa ya taɓa, abinci ya faɗa ciki. Ba kowa yake samu ba, ana cewa kamar mutum 2 zuwa 5 cikin ɗari na waɗanda aka cirewa haƙori, amma yafi yawa sosai a turmin ƙarshe na ƙasa musamman wanda ya fito a kwance sai da aka tsaga dasashi kafin a ciro shi. Masu shan taba da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa suma sun fi shiga haɗarin.

Yadda zaka gane shi ba wuya. Ciwon cire haƙori na yau da kullum kullum raguwa yake, kumburi yakan kai maƙura a kwana na biyu ko na uku sannan ya fara sauka, baki ma yaƙi buɗuwa sosai na ƴan kwanaki, duk wannan ba komai. Shi kuwa wannan sai ka fara jin sauƙi har kana cewa alhamdulillah an wuce wajen, kwana 2 zuwa 4 sai wani azababben zogi ya taso yana harbawa har kunne da gefen kai, farasitamol baya ko gezau, ga wari a baki ga wani ɗanɗano mara daɗi, in ka haska tocilan waya a madubi zaka ga ramin fayau babu baƙin gudan nan, wani lokacin har farin ƙashi kana hangowa.

Yanzu ga inda mu ƴan Kano muke kwafsawa, don likita zai ce kar a sha abu da tsinken shan lemo sai mutum yace ai ni dama bana amfani da shi. Toh fiya wata fa? Ka ciji gefen leda da haƙori ka kafa baki ka zuƙa har kumatu su lotsa, wallahi wannan zuƙar ita ce dai ake gudu, haka zoɓo ko kunun aya na leda, haka ƙanƙarar da ake tsotsa lokacin zafi. A juye a kofi a kurɓa a hankali. Sai tofar da yawu, mutum yana jin ɗanɗanon jini sai ya dinga kakarowa yana tsartarwa tun daga bakin asibiti har gida, kowace tsartarwa tana jan gudan. Audugar da aka saka maka ka cije ta tsam kamar rabin awa ba surutu ba leƙawa, yawun kuma ka haɗiye ko ka sunkuya ya zubo da kansa. Taba da shisha kam babu su ko kaɗan na aƙalla kwana uku, sati guda ma yafi.

Alwala ma abin lura ce, awa 24 na farko ba'a kurkure baki da ƙarfi, ka sa ruwan a baki ka juya kai kaɗan ka bari ya zubo, dama kurkurar baki a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce ba farilla ba. Aswaki da buroshi a yi sauran haƙora a kauce wa wajen. Bayan kwana ɗaya sai a fara ruwan ɗumi da gishiri rabin ƙaramin cokali a kofi, bayan kowane cin abinci, shima a hankali.

Abinci kuwa koko da kunu in sun huce, fura da nono da aka dama ta sosai, alale, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji da yawa, a tauna ta ɗaya ɓangaren. Kilishi da tsire da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da rake da goro a haƙura da su tukuna, ni a ganina ma ƙananan abubuwa irin riɗi da garin yaji sun fi cutarwa don su ne ke maƙalewa a ramin, mutum kuma ya ɗauko tsinke ko ashana yana sakace, ya ƙarasa tono gudan da hannunsa.

In ya riga ya faru, shawarata kar ka tsaya a kemis ɗin unguwa ana haɗa maka Amfikulos da Falajil, don asalin matsalar ƙashi ne a buɗe, kashe ƙwayoyin cuta ba zai rufe shi ba. Kuma don Allah a daina cusa tafarnuwa ko man zafi ko dakakken kanumfari a ciki. Ka koma wajen wanda ya cire maka, ko sashen haƙori na asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, zasu wanke ramin su cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, eh daga mansa ake samun sinadarin amma aunannen abu ne tsaftatacce, yawanci a ranar zogin yake lafawa, wani sai an canza masa sau ɗaya ko biyu kuma cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 yake warwarewa. Ibuprofen yana taimakawa amma mai olsa ya tambayi likita kafin ya sha.

Wanda kuma yaga zazzaɓi ko ruwan ciwo na fitowa, ko kumburi yana gangarowa wuya har haɗiya ko numfashi na masa wuya, ko jini yaƙi tsayawa duk da ya cije auduga, wannan ya wuce durai soket, ko tsakar dare ne a kai shi asibiti kar a jira gari ya waye.