Ranar hutu a doguwar tafiyar keke cikin tsaunuka: tambayoyi da amsoshi

Na fito ne don in ci nisa, me zai sa in zauna wuni guda?

Saboda hawan tudu yana cinye sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin. Rumbun nan kuwa ƙarami ne, kimanin giram 500 a jikin babban mutum. In ya yi ƙasa sosai, sai an kai wajen awa 24 ana cin abinci mai sitaci kafin ya sake cika. Wanda ke kan sirdi daga safe har yamma, yau da gobe, ba ya samun wannan sarari, kullum da bashin jiya yake tashi. Ga tsokar cinya da ke buƙatar lokaci ta gyara kanta. Ko a gasar tseren keke ta Tour de France a Faransa, mai zango 21 cikin mako 3, galibi ana ware ranakun hutu 2, alhali mahayan ba su da sana'ar da ta wuce wannan.

Yaya zan gane lokaci ya yi?

Da ka farka, tun kana kwance, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. In ya zarce yadda ka saba kwana biyu a jere, jiki na neman sarari. Haka in giyar keken da ka hau tudu da ita shekaranjiya yau ta gagare ka, ko barci ya ƙi zuwa duk da gajiya, ko sirdi ya fara gurje maka fata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gangara. Mutum a gajiye yakan iya lallaɓawa ya kai saman tsauni, amma a saukowa, in kwana ta taso, hannunsa kan makara wajen kama birki. Shi ya sa a ganina gara a tsara hutu tun daga gida, bayan kowane kwana 4 zuwa 6, kada a jira jiki ya tilasta.

To, kwanciya zan yi har dare?

A'a. Ƙwararrun mahaya ma sukan ɗan juya feda na awa ɗaya ko biyu a ranar hutu, a hankali, don kada ƙafa ta sanƙare. Kai ma ka ɗan taka, ka miƙe gaɓoɓi, ka ci ka ƙoshi, ka sha ruwa, ka yi barcin rana. Amma don Allah kada a ce an ajiye keke sannan a tafi hawan dutse da ƙafa.

A ina ya fi dacewa a yada zango?

A kwari. Sama da mita 2,500 iskar shaƙa na raguwa, barci ba ya nauyi, ga sanyi. In ciwon kai da tashin zuciya suka kama ka a can sama suka ƙi lafawa, sauka ƙasa.

Keken fa?

Goge sarƙa ka ɗiga mata mai. Duba robar birki da kyau, domin doguwar gangara na cinye ta da sauri. Juya taya a hankali, kana shafawa da yatsa, ka zare duk tsakuwa ko ƙayar da ta maƙale. Wandon tuƙi ma a wanke shi ya bushe sarai.

Washegari na ji ƙafafuna sun yi nauyi. Hutun ne ya cuce ni?

Ba cuta ba ce, hakan na faruwa. Fara da giya mai sauƙi, ka bar gaggawa a rabin awar farko, za ka ji sun saki.