Zaɓen harsashin libarba don yawon daji a Amurka

Libarba ƙaramar bindiga ce mai ganga da ke juyawa, wadda galibi take cin harsashi biyar ko shida. Masu kamun kifi da maharba da masu yawon daji a Amurka suna yawan rataya ta, saboda ba ta cika cijewa ba, kuma idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai zai kawo na gaba. Ana kiran kowane harsashi da lambar kaurinsa a ma'aunin inci, ko da yake lambar ba ta cika yin daidai ba: .38 Special da .357 Magnum kaurinsu ɗaya, .44 Magnum kuwa ainihin kaurinsa .429 ne.

Dabbar da ke dajin ita ce ke yanke hukunci. A inda abin da za a gamu da shi bai wuce zomo da kurege ba, .22 Long Rifle, wanda ya fito a 1887, ya wadatar. Yana da araha, ba ya bugun hannu, sai dai ba abin tunkarar babbar dabba ba ne. Don macizai akwai harsasai masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma da ke warwatsuwa, amma ba sa aiki sai a kusa.

Wanda ya fi karɓuwa a matsayin na kullum shi ne .357 Magnum, da kamfanin Smith & Wesson ya fitar a 1935. An samo shi ne daga .38 Special, aka ƙara wa kwansonsa tsawo da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci, don kada ya shiga tsofaffin bindigogin da ba za su jure ƙarfinsa ba. Wannan dangantaka ce babbar ribarsa. Bindigar .357 tana harba .38 Special, don haka mutum zai yi atisaye da mai sauƙi, ya loda mai ƙarfi ranar shiga daji. Da bututu mai inci huɗu, nauyin bindigar bai cika wuce kilo ɗaya da ɗoriya ba, abin da za a iya wuni da shi a ƙugu. A dazukan gabashin Amurka, inda baƙin beyar da aladen daji ne manyan abin tsoro, mutane da yawa nan suke tsayawa.

A Alaska da Montana da Wyoming, inda beyar girizili take, wato babbar beyar mai launin ruwan ƙasa da ta fi baƙin beyar girma, lissafin ya sauya. Nan ne .44 Magnum ya yi suna. Ya fito a tsakiyar shekarun 1950 daga haɗin gwiwar kamfanonin Remington da Smith & Wesson, bayan matsin lambar Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci daga jihar Idaho. Harsashinsa na yau da kullum ya haura giram 15, na .357 kuwa kusan giram 10. Ga dabba irin girizili an fi son dalma mai tauri mai shafaffen kai, wadda ke ratsa tsoka da ƙashi, a kan mai rami a baki da ke buɗewa da wuri.

Sama da .44 Magnum akwai .454 Casull da .500 S&W Magnum na 2003. Ƙarfi kam akwai, amma bindigogin suna da nauyi, bugunsu kuma na sa wanda bai goge ba ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, ya yi kuskure. Bindigar da ta yi wa mai ita nauyi, a mota ake barinta. Shi kuwa .41 Magnum na 1964, da aka yi don ya tsaya tsakanin .357 da .44, bai taɓa samun kasuwa sosai ba, har harsasansa kan yi wuyar samu a shagunan ƙauye.

Hukumomin gandun daji na Amurka sun fi ba da shawarar feshin barkono na korar beyar. Wani bincike da Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka wallafa a 2008 ya gano cewa feshin ya dakatar da beyar girizili a kashi 92 cikin ɗari na haɗuwar da aka duba a Alaska. Tun watan Fabrairun 2010 an halatta shiga gandun dajin tarayya da bindiga bisa dokar jihar da gandun yake, amma harba ta a ciki yana nan a haramce a mafi yawansu. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake mallaka.