Taki daga dagwalon kamfanin madara: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wai madarar da ta lalace ake dafawa a yi wannan takin?

A'a. Dagwalo ne, wato lakar da ke taruwa idan kamfani ya tace ruwan wankin tankuna da bututu. Akwai maiƙo a ciki, da ragowar madara, da alif ko sinadarin ƙarfe ko farar ƙasa da aka zuba don datti ya kwanta. Fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne zalla.

Yaya ake yi?

A zuba lakar da ruwanta a tukunyar ƙarfe mai kauri, a rufe ruf, a ɗaga zafi zuwa digiri 180 har 250, a bar ta awa ɗaya zuwa 'yan awanni. Tururi ba shi da mafita, shi ke kawo matsin: kamar ninki 10 na matsin iskar da muke ciki a digiri 180, kusan ninki 40 a digiri 250. Idan ta huce a matse, a samu baƙin gari mai kama da jiƙaƙƙen gawayi, ana ce masa haidiroca, da ruwa mai launin shayi. Ba sabon abu ba ne, Bajamushe Friedrich Bergius ya bayyana dabarar tun 1913.

Zan iya yi da tukunyar matsi ta girki?

Kada ma ka fara. Ita iyakarta wajen digiri 120, babu gawayin da zai fito. Masu cewa za su kai wa mai walda tsohuwar tukunyar gas ya gyara musu kuwa, bam suke shirin haɗawa a tsakar gida.

Me ya sa ba za a shanya shi kawai ba?

Je ka shanya laka mai maiƙo ka ga ƙuda da wari. Busarwa da wuta kuma na cin kuɗi. Amfanin wannan hanya ke nan: da ruwan ake aiki, zafin ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma garin da ya fito yana sakin ruwa da sauƙi idan an matse.

To in na samu garin, in watsa a gona kai tsaye? Nawa zan zuba?

A nan ne kowa ke son amsa ɗaya, alhali ya danganta da irin lakar. Abin da ake nema a ciki fosfaras ne, ɗaya daga cikin sinadaran taki da shuka ke buƙata, kuma yawancinsa yana zama a garin. Amma kasancewarsa a ciki daban, saiwa ta iya shan sa daban. Idan kamfanin da alif ko sinadarin ƙarfe yake kwantar da dattinsa, waɗannan suna riƙe fosfaras gam, takardar gwaji ta nuna adadi mai kyau amma masara ta tsaya da jan ganye. Idan farar ƙasa ce, sakin yana zuwa a hankali, ya fi aiki a ƙasa mai tsami. Don haka tambayar farko ga kamfani ita ce me suke zubawa, kuma a ɗakin gwaji a nemi adadin da shuka ke iya sha, kada a tsaya ga jimla.

Sai batun ɗanyen gari. Zafin yana haifar da sinadarai irin su finol da wasu masu tsami, kuma suna iya hana iri tsirowa. Sau da yawa wankewa, ko cakuɗa shi da juji ya yi 'yan makonni, yana rage wannan. Ga gishiri kuma: da soda ake wanke bututun madara, inda ya yi yawa yana ɓata ƙasa, musamman a gonar rani da ruwa ba ya wucewa sosai.

Gwajin ba wuya. Ɗauki kwano biyu, ɗaya ƙasa zalla, ɗaya da garin a ciki, ka shuka ƙwaya ashirin na latas a kowanne, ka ƙirga bayan mako guda, ka tuge ka duba tsawon saiwa. In na garin ya gaza, bai isa zuwa gona ba. In ya yi daidai, fara da kunya biyu ko uku. Kuma kada ka daina zuba yuriya, domin naitirojin mai yawa ya bi ruwa.

Ruwan fa, zubarwa ake?

Zubar da shi a kwata ɓarna ce, gurɓata rafi ne kuma. Ana kai shi tankin samar da iskar gas, ko a saka masa maganiziyam a rage masa tsami har ma'aunin tsami na pH ya kai wajen 9, wasu fararen ƙwayoyi su kwanta, sunansu siturubait. Taki ne mai fosfaras kimanin kashi 12 cikin ɗari, mai narkewa sannu a hankali. Wasu ma sukan fara jiƙa garin da ruwan asid don fosfaras ya fito, sannan su kwantar da shi haka.

Su wa suka damu da wannan?

Turawa, musamman ƙasar Ayalan (Ireland), inda madara ta ƙaru sosai bayan an cire ƙayyade yawan tatsa a 2015, dagwalo ya biyo baya. Tarayyar Turai ta sa dutsen fosfat, wanda daga shi ake samun fosfaras na taki, cikin muhimman ma'adinai tun 2014, don shigo da shi take yi, kuma mafi yawan ajiyar duniya a Maroko take.

Ni mai ƙaramin kamfanin yogot ne, in sayi irin wannan tukunyar?

Kwantar da hankalinka, ba ka buƙata. Tukunyar da wutarta sun fi ƙarfin dagwalonka. Haɗa shi da buntun shinkafa ko ɗusar katako, ka riƙa juyawa duk mako har warin ya mutu.