Yadda makaho zai naɗi murya a kwamfuta ya tura ta imel: tambayoyi da amsoshi

Makaho zai iya wannan aiki shi kaɗai, ba tare da mai gani a gefensa ba?

Ƙwarai kuwa, muddin akwai manhajar karanta allo a kwamfutar, wato wadda ke furta masa duk abin da ya taɓa. Wadda ta fi sauƙin samu ita ce NVDA, kyauta ce, kuma makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka raine ta tun daga 2006. Akwai JAWS, wadda ta girme ta amma ta kuɗi ce. Windows ma tana da tata a ciki mai suna Narrator, ana tayar da ita da Ctrl da maɓallin Windows da Enter a tare. Duk aikin a kan allon madannai yake. Wanda ya zo taimako ya kama linzamin kwamfuta ya yi ƙas-ƙas ya ce "an gama", bai koyar da komai ba, gobe ma sai an nemo shi.

Me ya sa sai murya? Ba a iya rubutawa?

Ana iyawa, makafi da yawa sun fi masu gani saurin bugu. Matsalar tana wajen wanda zai karɓa idan shi ma makaho ne. Muryoyin da aka fi samu a kwamfutocinmu na Turanci ne, in suka ci karo da Hausa sai su yi mata karatun Bature, ƙ da ɗ da ɓ kuwa sai abin da hali ya yi. Ban da haka, akwai abin da rubutu ba ya ɗauka: ƙira'ar ɗalibi da malami zai gyara, ko rahoton da za a sa a rediyo. WhatsApp ya wadatar a hira, amma makaranta ko ofis sukan ce a turo ta imel.

Da wace manhaja za a naɗa?

In saƙo ne gajere, wadda ta zo da Windows ta isa. A Windows 10 sunanta Voice Recorder, Ctrl da R ke fara ɗauka, tana ajiye fayil ɗin a foldar Sound recordings da ke cikin Documents.

In kuwa ana son yanke tari ko gyara kuskure, Audacity na fi ba da shawara. Kyauta ce, ta fito tun 2000, kuma a Windows tana jituwa da NVDA da JAWS. R ke fara ɗauka, P ta dakatar na ɗan lokaci, doguwar sandar tazara ta tsayar, in ka sake danna ta ka ji abin da ka ɗauka. Ctrl da Z ke mayar da hannun agogo baya in an yi ɓarna. Waɗannan huɗun za a fara haddacewa, yanke-yanke ya biyo baya.

Yaya zai san ana ɗauka, tunda ba ya ganin jan alamar?

Nan ne ake yawan yin asara. Mutum ya zuba bayani na minti ashirin, ya tsayar, ya tarar shiru. Maganinsa gwaji: a ɗauki daƙiƙa biyar, a saurara, sannan a fara na gaske. In ba a ji komai ba, a duba ko Windows ta hana manhajar amfani da makirufo a sashen sirri na saituna, ko kuma Audacity ta zaɓi wani makirufon daban.

Muryar manhajar karatun ba za ta shiga cikin abin da ake naɗa ba?

Za ta shiga in lasifika a buɗe take. A sa abin sauraro a kunne, ko na waya ne, magana ta ƙare. Wasu kan rufe bakin NVDA da Insert da S, sai dai ban cika so wa sabon koyo haka ba. In ya manta yadda zai dawo da maganar, ya zauna da kwamfutar da ta yi gum. A kashe fanka in za a iya jurewa, a kuma nisanci janareta, don makirufo ba ya zaɓen abin da zai ji.

An gama ɗauka, sai a danna Ctrl da S?

A Audacity wannan tarko ne. Ctrl da S na ajiye aikin ne a fayil mai ƙarewa da aup3, wanda Audacity kaɗai ke buɗewa. Ka tura wa malaminka shi, zai ce ya ƙi yi. Abin da ake so shi ne Ctrl da Shift da E, a fitar da sautin a matsayin MP3. A ba shi sunan da kunne zai gane, kamar "darasi na uku", a kuma riƙe folda ɗaya tak da komai ke shiga. Rabin wahalar masu koyo neman inda fayil ya faɗa ne.

Me ya sa imel ke ƙin karɓar fayil ɗin?

Girma ne. Gmail ba ya maƙala abin da ya wuce megabait 25, in ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗar Google Drive. Fayil ɗin WAV, wato sautin da ba a matse ba, mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, ka ga minti uku ma ya tsallake iyaka. MP3 mai kilobit 128 kusan megabait ɗaya ne a minti. Magana zalla kuwa, mono (sauti mai layi ɗaya) mai kilobit 64 ya ishe ta, rabin awa bai kai megabait 15 ba, datar mai karɓa ma ta huta. Imel kan kumbura fayil da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, don haka kada a matse iyakar.

To yaya ake maƙala shi?

A Thunderbird, wata manhajar imel ta kwamfuta, bayan an buɗe sabon saƙo, Ctrl da Shift da A ke buɗe wurin zaɓen fayil, Ctrl da Enter su tura. A Outlook na kwamfuta ana iya kwafo fayil ɗin daga foldarsa da Ctrl da C, a liƙa a jikin saƙon da Ctrl da V. Makafi da dama sun saba da sassauƙan shafin Gmail, amma Google ta rufe shi a farkon 2024, shi ya sa haɗa adireshin Gmail da Thunderbird ya fi wa sabon koyo sauƙi. Saƙon farko ya tura wa kansa, ya buɗe, ya saurara har ƙarshe, sannan ya sa adireshin malam.