Ernest Solvay: attajirin da rashin lafiya ya hana shi jami'a, ya tara Einstein da Marie Curie a zaure ɗaya

Wane ne Ernest Solvay?

Ɗan ƙasar Beljiyam ne. An haife shi a garin Rebecq a 1838, ya rasu a 1922. Mahaifinsa yana sana'ar tace gishiri. Ciwon ƙirji mai tsanani ya kwantar da shi yana saurayi, shi ya sa bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Da ya samu sauƙi sai ya kama aiki a masana'antar gas ta kawunsa, kuma a can ya fara kula da ruwan amoniya mai wari da ke fitowa idan ana sarrafa gawayin ƙasa.

Da me ya yi arziki?

Da soda. Wadda ake nufi a nan 'yar uwar kanwa ce, domin sinadarin da ke sa kanwa ta yi aiki a tukunya yana cikinta. Masu yin gilashi da sabulu da takarda ba sa iya aiki sai da ita. Kafin Solvay ana yin ta ne ta hanyar da wani Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya ƙirƙiro, hanya mai cin gawayi da yawa, mai fitar da hayaƙin asid da ke ƙone ganyen bishiyoyi da gonakin maƙwabta. Abin ya yi muni har majalisar Ingila ta kafa doka a kansa a 1863.

Kayan aikin Solvay kuwa ruwan gishiri ne, da dutsen farar ƙasa, da amoniya. Ana ƙona dutsen, iskar da ta fito a hura ta daga ƙasan wata doguwar hasumiyar ƙarfe, ruwan gishirin da aka haɗa da amoniya yana zubowa daga sama. Inda suka haɗu sai farin gari ya kwanta, a tace shi a gasa, ya zama soda. Sirrin ribar yana wajen amoniyar: ita ce mai tsada, kuma ya gano yadda zai ƙwato ta ya sake mayar da ita cikin aikin.

Shi ya fara gano wannan dabarar?

A'a. Wasu sun riga shi sanin haɗin, sun gwada sun yi asara. Abin da ya fi su shi ne ya iya gina injinan da za su yi aikin da yawa ba tare da amoniyar ta tsere ba. Ya yi rajistar dabararsa a 1861, ya kafa kamfani da ƙanensa Alfred a 1863, suka gina masana'anta a Couillet kusa da Charleroi. Shekarun farko sun sha wuya, saura ƙiris su karye, sai da dangi suka sa hannu a aljihu. Bayan nan ƙofa ta buɗe: masanin sinadarai Ludwig Mond ya karɓi izinin amfani da dabarar a Ingila, aka kuma kafa masana'anta kusa da Syracuse a Amurka, inda har yau akwai gari mai suna Solvay.

Ina ya kai dukiyar?

Mafi yawa ga ilimin da ya kuɓuce masa. Ya gina wa jami'ar Brussels cibiyar nazarin aikin jikin ɗan'adam, da ta nazarin zamantakewa, da makarantar kasuwanci a 1903 wadda har yanzu take ɗauke da sunansa. Amma abin da aka fi tuna shi da shi taron manyan masana kimiyya ne na 1911 a otal ɗin Metropole na Brussels. Masanin kimiyya Bajamushe Walther Nernst ne ya ba shi shawarar, Solvay ya biya kuɗin, masanin kimiyya ɗan Holan Hendrik Lorentz ya shugabanta. Max Planck ya zo, da Marie Curie, da Ernest Rutherford, da Albert Einstein yana da shekara 32.

Wani abin dariya: mai masaukin yana da nasa ra'ayin kan yadda duniya take, ya kuma gabatar musu da shi a buɗe taro. Baƙin suka saurara cikin ladabi, suka koma kan abin da ya kawo su. Abin yabonsa a wurina shi ne bai yi fushi ya rufe jaka ba. Ya kafa cibiya don taron ya ɗore. A zama na biyar, a 1927, mutum 29 suka halarta, 17 daga cikinsu sun ci kyautar Nobel ko sun ci ta daga baya.

Ma'aikatansa fa?

Sun samu fansho, da aikin awa 8 a rana tun kafin dokar Beljiyam ta 1921 ta wajabta shi, da hutu mai albashi daga 1913. Kada dai a ɗauke shi waliyyi. Ma'aikacin da ya ƙoshi ba ya saurin shiga yajin aiki, kuma Solvay ɗan kasuwa ne da ya san haka sarai.

Me ya yi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1914 yunwa ta yi barazana, sai ya shiga gaba wajen kafa kwamitin ƙasa na agaji da abinci tare da Émile Francqui, wani babban ɗan banki na Beljiyam. Kwamitin ne ke raba hatsin da hukumar agaji ta Ba'amurke Herbert Hoover ke shigowa da shi daga waje. A 1918 Sarki Albert ya naɗa shi ministan ƙasa na girmamawa, yana da shekara 80.