Ma'anar "hurumi" a bakin alƙalai da lauyoyi

A watan Janairu na 2025, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ba ta da hurumin sauraron rikicin masarautar Kano, muna zaune a teburin mai shayi a garinmu da ke ƙasar Ringim, rediyo na rataye a jikin darbejiya. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To me ya haɗa kotu da hurumi? Makiyaya ce?"

Tambayarsa tana kan hanya. Mu a karkara, hurumi fili ne da aka keɓe a gefen gari, na kiwo ko na maƙabarta, wanda ba mai sa masa garma. Daga nan kalmar ta shiga harshen shari'a: hurumin kotu shi ne iyakar da doka ta shata mata, wato irin ƙarar da za ta saurara, da yankin da ikonta ya kai, da girman hukuncin da za ta iya yankewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙaramar hukuma ba ta da kotu. Kotun shari'ar Musulunci da ta majistare da kake gani a hedikwatar ƙaramar hukumarku, duk na jiha ne. Su ne suka fi kusa da talaka: aure, saki, gado, bashi, satar akuya, faɗan kasuwa. Amma majistare ba ya yanke hukuncin kisan kai, sai dai ya tsare wanda ake zargi kafin a kai maganar gaba.

Babbar Kotun Jiha huruminta ya fi faɗi. Ita kuwa Babbar Kotun Tarayya, wadda take zama a Kano da Dutse, sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa mata nata: harajin tarayya, kwastan, kamfanoni, shige da fice, miyagun ƙwayoyi. Shi ya sa yaron da jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka kama a ƙauye, can ake gurfanar da shi, ba wajen alƙalin garinsu ba. Kalmar "tarayya" ba ta ɗora ta a kan Babbar Kotun Jiha. Matakinsu ɗaya, kuma daga dukkansu Kotun Ɗaukaka Ƙara ake zuwa, sannan Kotun Ƙoli a Abuja.

Inda manoma suka fi faɗawa rami shi ne maganar gona. Sashe na 277 na kundin ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha abin da ya shafi aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Idan rigimar rabon gadon gona ce, tata ce. Idan kuwa ta cinikin gona ce ko ta kan iyaka, manyan kotuna sun sha cewa ba huruminta ba ne. Kuma tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim a 1962 aka kafa cewa hukuncin da aka yanke babu hurumi rusasshe ne, komai kyawunsa. Ana iya tayar da maganar a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne.

Kawuna ya ɗanɗana wannan. Ya sayar da raguna biyu da buhunan gero yana bin shari'ar iyakar gona, ya yi nasara, har mun je yi masa barka. Da abokin shari'arsa ya ɗaukaka ƙara, ko shaidu ba a waiwaya ba, aka ce tun farko ba nan ya kamata a kai maganar ba. Damina biyu gefen gonar nan yana saura, ƙarangiya ta cinye shi, kafin aka soma shari'ar daga tushe.