Ma'anar "kutse": ba duk wanda aka ƙwace wa WhatsApp aka yi wa kutse ba

Da wuya a wayi gari a kai dare ba ka ci karo da irin sanarwar nan ba: "Jama'a a yi hattara, an yi wa WhatsApp ɗina kutse, duk wanda ya ga saƙon neman kuɗi ba ni ba ne." Ɗan siyasa ya wallafa maganar da ta tayar da ƙura, kafin la'asar mai magana da yawunsa ya fito ya ce aikin masu kutse ne. Shafin hukuma ya ƙi buɗewa ranar rufe rajista, a ce kutse. Kuɗi su zurare daga asusun banki, nan ma kutse. Har a rediyo kalmar ta zama jakar magori, duk abin da ya samu waya ko kwamfuta aka rasa sunansa sai a jefa ciki.

A wurin masu aikin tsaron kwamfuta, kutse shi ne a shiga na'ura ko manhaja ba da izini ba, ta wata ɓaraka da ke jikin manhajar ko saitinta, a sa ta yi abin da ba a gina ta don shi ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta hukunta shiga ba da izini ba, ta hukunta sojan gona da yaudarar mutane don karɓe bayanansu, saboda haka a gaban alƙali duk laifi ne. Amma wajen magani ba ɗaya ba ne. Wanda ɓarawo ya haura wa katanga, gyaran katanga ke gabansa. Wanda ya miƙa makulli da hannunsa, ko ya ƙara wa katangar tubali goma bai yi komai ba. Mafi yawan masu kukan kutse a guruf-guruf ɗinmu suna sahu na biyu, kuma damfara aka yi musu.

Ga yadda abin yake faruwa. WhatsApp ba shi da kalmar sirri irin ta Facebook, lambar wayarka ita ce asusunka. Kowa na iya sauke manhajar a wayarsa ya rubuta lambarka, babu abin da zai hana shi. Abin da zai tsayar da shi ɗaya ne: kamfanin zai turo lambobi shida ta saƙon tes zuwa layinka, sai an shigar da su asusun zai koma sabuwar wayar. Lambobi shida na nufin zaɓi miliyan ɗaya, kuma in aka yi kuskure 'yan lokuta manhajar tana rufe ƙofa na sa'o'i, don haka canki-canka ba ta fisshe shi. Sai ya kira ka. Ya riga ya ga sunanka da lambarka a wani guruf na masallaci, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na neman tallafi. Ya gaishe ka da sunanka, ya ce akwai taron guruf ta intanet da ƙarfe takwas, an turo maka lambar shiga, karanto masa ya sa ka a jeri. Saƙon da ya shigo yana ɗauke da gargaɗin kada a ba kowa lambar, amma wa ke tsayawa karanta Turancin ƙasan saƙo alhali ga mutum a layi yana jira? Kana gama karantowa, wayarka ta fitar da kai.

Bai taɓa wayarka ba, bai sa mata komai ba. Tsofaffin hirarrakinka ma ba zai gani ba, domin suna cikin wayarka ne. Abin da ya samu shi ne sunanka, hotonka, guruf-guruf ɗin da kake ciki da lambobin duk mutanen da ke cikinsu, kuma da wannan zai fara aika wa surukai da abokan aiki cewa asusunsa na banki ya maƙale, a tura dubu ashirin zuwa wannan lambar kafin gobe.

Akwai hanyoyin da ba a ma buƙatar ka karanto komai. WhatsApp yana iya faɗar lambobin shida ta kiran murya. In aka yaudare ka ka danna **21* sannan wata lambar waya sannan #, ka karkatar da duk kiranka zuwa wannan lambar ke nan, kiran WhatsApp ɗin ma can zai tafi. Danna *#21# yana nuna ko an karkatar, ##002# kuma yana soke kowace irin karkatarwa. Akwai wanda zai karɓi wayarka "ya ɗan yi kira", cikin daƙiƙa talatin ya haɗa asusunka da kwamfutarsa ta hanyar hoton lambar QR. Wannan ya fi muni ta wani ɓangaren, domin ba a fitar da kai ba, kana hira yana karantawa, kuma asusu ɗaya na ɗaukar ƙarin na'urori har huɗu. Sai kuma wanda zai yi wa layinka welkom bak da takardun bogi ko da haɗin bakin wani, layin hannunka ya mutu, nasa ya tashi, duk saƙon banki ya koma wurinsa.

Illar kiran duk wannan da kutse ita ce mutum ya nufi inda ba a aike shi ba. Za ka ga an kai waya kasuwa a yi mata filashin, an sayi sabuwa, an sauke manhajojin kashe bairos guda uku, alhali wayar lafiyarta ƙalau. Abin da ake yi shi ne a sake rajistar lambar a WhatsApp nan take. Da zarar ka shigar da sababbin lambobi shida da aka turo wa layinka, an fitar da ɗan damfarar. In ya riga ya sa tabbatarwa mai mataki biyu da lambar sirrinsa, sai ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma yana waje a tsawon kwanakin. Wannan lambar sirrin ta mataki biyu, da kai ka riga shi sawa tare da adireshin imel, da lambobin da ka karanto masa ba su ishe shi ba. Ba ta cin minti biyu a cikin saitin asusu. Shi ma layin a sa masa lambar PIN, ta yadda in an sace waya ba za a zare shi a sa a wata a shiga banki da lambobin USSD ba. A dai adana lambar PUK mai lamba takwas da ke jikin katin da layin ya zo da shi: kuskuren PIN sau uku yana kulle layi, kuskuren PUK sau goma yana kashe shi gaba ɗaya.

To wane ne aka yi wa kutse na gaskiya? A WhatsApp dai an yi, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Mayun 2019 WhatsApp ya sanar da gano ɓaraka a sashen da ke kula da kiran murya. Maharin zai kira lambarka kawai. Ko ba ka ɗaga ba, kafin wayar ta gama ruri an dasa mata manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ke sayar wa gwamnatoci, sau da yawa ma a goge alamar kiran. Wayoyi kusan 1,400 abin ya shafa, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano fiye da ɗari daga cikinsu na 'yan jarida ne da masu kare haƙƙin ɗan Adam, kuma a watan Oktoban shekarar WhatsApp ya maka NSO a kotu a Amurka. Waɗannan mutanen ba su karanto wa kowa lamba ba, ba su danna komai ba.

Irin ɓarakar tsohuwa ce, ana kiranta ambaliyar ma'aji. A harshen C, wanda aka rubuta ɗimbin manhajojin da duniya ke tafiya a kansu da shi, mai rubuta manhaja ne ke ware wa saƙo mai shigowa wuri a memori, wato ma'ajin da manhaja ke aiki a cikinsa, a ce baiti 512 (baiti ɗaya kamar gurbin harafi ɗaya ne). Harshen ba ya duba ko abin da ya shigo ya fi wurin girma, aikin mai rubutun ne ya duba. In ya manta, aka turo abin da ya fi 512, rarar ba ta zubewa a ƙasa, tana bi ta kan abin da ke maƙwabtaka da wurin ta rubuce shi. Abin da ke zaune a nan kusa kuwa, sau da yawa, shi ne adireshin da manhajar za ta koma in ta gama ɗan aikin da take kai. Maharin sai ya auna saƙonsa daidai: farkonsa umarnin da yake so a aiwatar, ƙarshensa kuma, daidai inda zai faɗa kan adireshin komawa, ya sa adireshin wannan umarnin nasa. Manhajar ta gama aiki, ta duba inda za ta koma, ta tafi kai tsaye cikin umarnin baƙo da duk ikon da take da shi. Haka tsutsar Morris, wata manhaja mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ta yi ranar 2 ga Nuwamban 1988. Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya tura baiti 536 zuwa wata ƙaramar manhaja mai suna fingerd da ta ware 512, rarar baiti 24 ɗin nan ta ba shi ikon ba kwamfutar umarni, tsutsar ta yi ta yaɗuwa har ta durƙusar da dubban kwamfutoci a lokacin da intanet ɗin duka bai taka kara ya karya ba. Umarnin gets da ya jawo haka, wanda ke karɓar rubutu ba tare da tambayar tsawonsa ba, sai a 2011 aka cire shi daga ƙa'idar harshen C. Shekara ashirin da uku.

Yau abin ya fi haka wuya nesa ba kusa ba. Tsarin waya yana yamutsa adireshin memori duk lokacin da manhaja ta tashi don kada a san inda za a nufa, yana hana aiwatar da umarni daga wurin da aka ware wa bayanai, ana kuma dasa wata lamba ta musamman gab da adireshin komawa wadda in ta canja manhajar za ta kashe kanta. Duk da haka Microsoft ya ce a 2019 kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar da yake toshewa kowace shekara daga matsalar memori suke, abin da ya sa ake ta komawa harsuna irin su Rust da ke hana wannan kuskuren tun wajen rubutu. Haɗa hari irin na 2019 yana buƙatar ƙwararru da watanni, kuma kamfanonin da ke sayen irin wannan ɓaraka sun sa mata farashin da ya haura dala miliyan ɗaya. Ba mai kashe wannan kuɗin don ya roƙi surukinka dubu ashirin. Maganinsa kuma ba ya hannunka sai ta hanya ɗaya, wato sabunta manhaja da tsarin waya da zarar an fitar da gyara. Mutanen da ke ƙin yin afdet don tsimin data, su ne ke barin irin wannan ƙofar a buɗe.

Sai batun alƙaluma, inda abin ya fi ba da haushi. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, Ma'aikatar Sadarwa ta Najeriya ta ce an samu hare-haren intanet kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen, kuma an daƙile su. A bakin jama'a sai ya koma an yi kutse sau miliyan 13. Duk wanda ya taɓa kunna saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, ya buɗe mata ƙofa ta 22, wadda ake shiga ta SSH don sarrafa ta daga nesa, ya san cikin 'yan sa'o'i rajistarta za ta cika da yunƙurin shiga daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, ana gwada suna root, wato sunan asusu mai cikakken iko, da kalmar sirri 123456. Manhajoji ne ke zagaye intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, ba su san ta wane ne ba. Kowane taɓi ana iya ƙirga shi a matsayin hari. Haka shi ma harin cunkoso, inda dubban na'urori ke yi wa shafi ruwan buƙatu har ya kasa amsa kowa: shafin ya faɗi, amma ba a shiga ba, ba a karanta komai ba, ba a canja komai ba. Adadin yunƙuri ba ya gaya maka komai game da tsaro. Tambayar da ɗan jarida ya kamata ya yi ita ce guda nawa suka wuce, me suka taɓa, kwana nawa aka yi kafin a lura.

Shi kuwa mai girma da ya ce masu kutse ne suka rubuta maganar da ta jawo masa zagi, maganarsa tana da sauƙin tantancewa. Facebook da X duka suna ajiye jerin na'urorin da aka shiga asusu da su, da irin wayar, da garin da aka shiga, da lokaci, kuma sukan aika imel in an shiga daga sabuwar na'ura. In da gaske baƙo ne, jerin zai nuna wayar da ba ta gidan ba, a sa'ar da aka yi rubutun. In kuma jerin bai nuna kowa ba sai wayar mai gidan da ta yaran da ke kula masa da shafi, waɗanda su biyar suke amfani da kalmar sirri ɗaya da aka tura musu ta WhatsApp, sai a nemi wanda ya manta bai koma nasa asusun ba kafin ya yi rubutu.